Hirar Tsofaffin Ƴan Lakwal da Maƙwabta a Matsayin Tushen Tarihi: Misali daga Madawa, Buza da Keita

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure ko zaman makoki ko hutun Sallar Layya a garuruwan gabashin jihar Tawa ya san abin da kan biyo baya idan taro ya watse, manyan baƙi sun kama hanya. Sai a ga dattawa biyar ko shida sun ja tabarma gefe guda, an aza shayi bisa gawayi. Wani daga Yamai ya zo, wani daga Kano ko Abijan, wani kuwa bai taɓa barin garin ba sai da rani. Abin da ya haɗa su shi ne ko dai sun zauna aji guda suna yara, ko kuwa danga guda ta raba gidajen iyayensu. Daga nan har dare ya raba, ba abin da za a ji sai tuna baya: wane malami ne ya fi duka, wace shekara ce rijiyar unguwa ta ƙafe, su wa suka tafi ba su dawo ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa irin wannan hira, wadda galibi ake ɗauka abin kashe lokaci, tana cikin manyan hanyoyin da suka rage mana na sanin tarihin talakawan wannan yanki daga wajen 1945 zuwa yau. Za mu kuma nuna cewa tsohon ɗan lakwal da maƙwabcinsa wanda bai shiga lakwal ba kowannensu rabin abin yake riƙe da shi, sai an haɗa su tukuna ake samun labari mai kwanan wata. Yankin da muke magana a kai shi ne gundumomin Madawa, Buza da Keita, watau ƙasar duwatsu da kwaruruka ta gabashin Adar, tare da kwarin Majiya da na Tarka, har zuwa Gobir Tudu inda Madawa take.

Abin da aka riga aka rubuta

Ba za a ce wannan yanki ya rasa masu bincike ba. A shekarar 1975 kaɗai littattafai biyu suka fito a jerin Études nigériennes na Yamai. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, inda ya bi diddigin yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace ƙasar daga hannun Kabi a 1674, da yadda sarautar Adar ta kasance a bayansa, da rawar da ƙungiyoyin Abzinawa irin su Lisawan da Kel Geres suka taka. Nicole Échard kuwa ta juya wajen manoma, ta tattara abin da zuri'o'in ƙauyuka suke faɗi game da asalinsu da ƙaurace-ƙauracensu. A fannin harshe Bernard Caron ya fitar da nazarin Hausar Adar a 1991. Daga baya, a 2015, Benedetta Rossi ta buga littafinta kan bauta da aikin tilas da ayyukan agaji a Adar daga 1800 zuwa 2000, kuma Keita ce cibiyar bincikenta.

Idan aka duba da kyau za a ga yawancin wannan aiki ya dogara ne a kan abu biyu. Na farko, labarun gargajiya da ake gada daga kaka da kakanni, waɗanda ake samu a bakin fadawa da maroƙa da shugabannin zuri'a. Na biyu, takardun hukuma, tun daga rahotannin kumandan na zamanin Faransa har zuwa rahotannin ayyukan raya karkara. Jan Vansina, wanda littafinsa na 1961 ya zama madogara ga masu nazarin tarihin baka a Afirka, ya bambanta tsakanin labarin da aka gada da labarin wanda ya gani da idonsa. Cibiyoyinmu, tun daga wadda aka kafa a Yamai a 1968 wadda daga baya ta zama CELHTO, sun fi ba da ƙarfi ga na farkon, kuma suna da hujja, domin a lokacin tsofaffin da suka san yaƙin Galma na 1901, inda Faransawa suka karya Kel Geres, suna gab da ƙarewa. To amma lokaci ya juya. Yaron da aka sa lakwal a shekarar samun mulkin kai, 1960, yau ya haura saba'in. Shi ne yanzu tsohon da ke gab da tafiya, kuma ba mu cika zuwa wurinsa da rakoda ba, don muna ganin abin da ya sani jiya-jiya ne.

Ɗan lakwal da kwanan wata

A lokacin samun mulkin kai, yaran Nijar da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙanƙanta. Ana ɗibar yara ne ta hannun sarki da masu gari, iyaye da yawa kuma suna ɓoye nasu ko su tura su makarantar allo a wani gari. Saboda haka labarin yadda aka kama mutum aka kai shi lakwal kusan kullum shi ne farkon hirar tsofaffin ƴan aji, kuma a cikinsa akwai tarihin zaman jama'a mai yawa: ɗan wa aka ɗauka, ɗan wa aka bari, wa ke da wanda zai tsaya masa a fada. Daga nan sai a gangaro kan mushe da bulalarsa, da alamar nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a harabar makaranta, da yunwar gidan da aka sauke yaro idan ya ci jarrabawa aka tura shi babban gari.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai binciken tarihi a nan shi ne kwanan wata. Mutanen wannan zamani galibinsu ba su san shekarar haihuwarsu ba. Takardunsu cewa suke yi an haife su wajen shekara kaza, kuma sau da yawa an rage ko an ƙara don yaro ya dace da shekarun shiga aji ko na jarrabawa. Amma shekarar da mutum ya shiga aji ɗaya, da shekarar da ya yi jarrabawar fita firamare, waɗannan ba ya mance su, kuma akwai rajista da za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi. Ke nan kowane tsohon ɗan lakwal yana ɗauke da ma'auni na shekara shida ko fiye, wanda aka yi wa gaɓa-gaɓa, aji bayan aji. In ya ce abu kaza ya faru yana aji huɗu, an sami shekarar, ko da kuskure ba zai wuce shekara guda ba. In kuwa ƴan aji guda uku suka yi gardama a kai, to gardamar tasu ita ce tantancewar da mai bincike yake nema.

Sai dai wannan ma'auni yana da aibinsa. Ɗan lakwal ya bar garin tun yana ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, abin da ya sani bayan nan na hutu ne da na saƙo. Garin da yake tunawa garin yarinta ne, inda damina kullum take da kyau, tafki kuma yake da faɗi fiye da yadda yake. Na sha jin ma'aikacin da ya yi shekara arba'in a birni yana kwatanta kurmin bayan garinsu, maƙwabcinsa da ya sare itacen da hannunsa ya sayar a shekarar yunwa yana zaune yana jinsa, bai ce uffan ba.

Maƙwabci da lissafin shekaru

Shi maƙwabcin da ya zauna, lissafinsa daban ne. Ba ya ƙirga shekaru da lamba, da suna yake kiransu. Yunwar 1913 zuwa 1914 ana kiranta Kakalaba, kuma ko da yake waɗanda suka gan ta sun ƙare, sunan yana nan a matsayin iyakar abin da ake iya tunawa. Ta 1984 zuwa 1985 ana ce mata El-Buhari a wurare da yawa na ƙasar Hausa ta Nijar, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, daga Afrilun 1984 har zuwa Maris na 1986, aka toshe wa mutane hanyar da suka saba bi su nemo abinci. Boureima Alpha Gado ya nuna a littafinsa na 1993 kan tarihin yunwa a Sahel cewa irin waɗannan sunaye kan bambanta daga yanki zuwa yanki. Wannan gargaɗi ne gare mu: kada a ɗauki jerin sunayen da aka tattara a Maraɗi ko Katsina a ɗora wa Garhanga ko Karofan ba tare da an tambaya ba. Ƙauyuka biyu da ke kwari guda suna iya kiran shekara guda da suna biyu, ko su kira shekaru biyu da suna guda.

Bayan yunwa akwai tafiya. Mutanen Adar sun daɗe da shahara wajen cin rani da biɗa, kuma tarihin ƙasashen da suke zuwa ya shiga cikin lissafinsu. Korar baƙi daga Gana a ƙarshen 1969, fitowar naira a 1973, rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980, korar baƙi daga Nijeriya a farkon 1983, karyewar darajar sefa a Janairun 1994, yaƙin Kodebuwa daga 2002, faɗuwar Gaddafi a 2011: kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya dawo da mutane gida ba shiri, kuma ana auna aure da haihuwa da sayar da gona da shi. Haka nan husufin rana na 30 ga Yuni 1973, da juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974, da annobar sanƙarau ta 1995.

A nan ne amfanin haɗa mutanen biyu yake fitowa. Maƙwabci ya san cewa unguwa kaza ta tashi ta koma bakin kwari shekara biyu bayan wata yunwa da yake kira da sunanta na gida, ya san gidajen da suka fara tashi da dalilinsu. Ɗan lakwal bai san dalilin ba, amma ya tuna cewa a hutun da ya dawo daga ajin farko na kwaleji ya tarar da kangaye. Da an ji kowannensu shi kaɗai, da an sami labari mara shekara a hannu guda, da shekara mara labari a ɗayan.

Ayyuka biyu da rahoto bai gama faɗi ba

Misalin da ya fi nuna bambancin takarda da baki shi ne na manyan ayyukan gyaran ƙasa biyu da aka yi a yankin.

A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Layi biyu-biyu ake dasawa, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin jeri da jeri, har aka yi ɗaruruwan kilomita. Aikin ya yi suna a duniya, an rubuta shi a littattafan gandun daji a matsayin abin koyi. Rahotanni sun auna tsawon layuka da ƙarin amfanin gona. Amma tambayoyin da kan taso a hirar maƙwabta wasu ne: gonar wa layi ya ratsa, nawa ya ci daga cikinta, itacen na wa ne idan ya girma, ina aka kai awaki a shekarun da aka hana kiwo don kare dashe, yaya aka ƙare da makiyayan da suka saba sauka kwarin bayan girbi. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, su ne tarihin mallakar ƙasa a kwarin.

Na Keita ya fi girma. An fara shi a 1984, a tsakiyar fari, da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar abinci ta duniya kuma tana biyan ma'aikata da abinci. An jera duwatsu a kan faƙo, an haƙa ramuka a jikin tsaunuka don tare ruwa, an gina madatsai, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18 cikin shekara ashirin ɗin farko. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin maza sun tafi biɗa. Rossi ta nuna cewa waɗanda suka fi daɗewa a wannan aiki su ne matalauta waɗanda ba su da halin tafiya, da yawansu kuma daga zuri'ar waɗanda aka bautar a da, ta kuma danganta wannan da tsohon tarihin aikin tilas, wanda doka ta soke a 1946.

To, a nan ne ya kamata mu yi wa kanmu faɗa. Zaman shayin da muka buɗe wannan maƙala da shi zaman maza ne. Matar da ta yi shekara goma tana fasa dutse a Ibohaman ko Tamaske ba ta cikinsa, kuma ba ta shiga lakwal ba balle ta sami ƴan aji. Tata hirar tana wurin daka, da bakin rijiya, da cikin gida ranar suna. Mai binciken da ya tsaya a tabarmar maza zai dawo da tarihin aikin Keita daga bakin waɗanda suka yi malanta ko tuƙi a cikinsa, ko waɗanda ba sa ma garin lokacin da aka yi shi. Lalle ne a sami mata cikin masu ɗaukar hirar, a kuma yarda cewa ma'aunin shekarunsu shi ne haihuwa da yaye da aurar da ɗiya, wanda in an bi shi a hankali bai gaza na ɗan lakwal daidaito ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗi a gaban jama'a ko kaɗan. Maganar asali tana da nauyi a wannan yanki. Ƙungiyar Timidria ta kafu a 1991 don yaƙi da bauta, dokar 2003 ta mai da ita laifi, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma kuma ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani a 2008, wadda ta taso daga ƙasar Ƙonni, maƙwabciyar Madawa. Duk da haka, mutum biyu da suka zauna benci guda a aji suna iya yin hira ta shekara hamsin ba su taɓa ambaton abin da ke tsakanin kakanninsu ba, alhali kowa ya sani. Zumuncin ƴan aji an gina shi ne a kan cewa duk ɗaya ake, kuma wannan ne ya sa yake da daɗi, shi ne kuma ya sa yake rufe wani sashe na tarihi. Hirar taro tana gyara kwanan wata, amma irin wannan magana sai an keɓe da mutum, da yardarsa, kuma a cire sunaye kafin a ajiye.

Yadda za a rubuta

Ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci wannan batu yana da fuska ta biyu. Tun farkon shekarun 1960, lokacin da aka kafa ma'aikatar koyar da manya da ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a 1962, matsalar da ba ta gushe ba ita ce abin da mutum zai karanta bayan ya iya karatu. An yi jaridar Gangaa da ƙananan jaridun karkara, an buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida tun daga Damagaram a 1973, an kafa INDRAP a 1974. Amma yawancin abin da aka ba sabon mai karatu nasiha ce: yadda za a zuba taki, yadda za a tace ruwa, yadda za a riƙe littafin ƙungiya. Dattijo ya gaji da a yi masa wa'azi. Ƙaramin littafi mai shafi ashirin wanda ke ɗauke da labarin garinsu, da sunayen unguwanni da rijiyoyi da shekarun da ya sani, zai karanta shi don ya ga ko an faɗi daidai, in ya ga kuskure kuma zai so ya gyara, watau zai ɗauki alƙalami. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar irin waɗannan littattafai ta ƙaru.

Tambayar ita ce da wace Hausa za a rubuta. Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da ƙa'idar rubutu ta 1999 sun daidaita haruffa da rabon kalmomi, amma ba su ce a shafe karin harshe ba. Mutumin Adar cewa yake yi shina tahiya inda daidaitacciyar Hausa take cewa yana tafiya, yat tahi maimakon ya tafi, biyat maimakon biyar, hwara maimakon fara, yana kuma amfani da na da ta a gurbin ne da ce. Ra'ayinmu shi ne a yi kwafi biyu. Na farko a rubuta shi yadda aka faɗa, harafi da harafi, a ajiye tare da muryar, domin shi ne hujjar masanin harshe da masanin tarihi. Na biyu, wanda za a buga don karatu, a daidaita nahawunsa gwargwado, amma kada a taɓa kalmomin sana'a da na ƙasa da sunayen shekaru. Wanda ya mai da biɗa ta zama neman kuɗi, ko ya musanya kalmomin masu noman albasa na kwarin Tarka da na masu kilishi da masu saƙar tabarma na Madawa da waɗanda ya sani daga Kano, ya ɓata abin da aka je nema. Haka nan kalmomin da aka aro daga Faransanci, irin su lakwal da mushe da kumandan, a bar su yadda suke, domin su ma shaida ne.

Aikin da ya kamata a fara da shi ba mai tsada ba ne. A kowace tsohuwar makaranta ta gundumomin uku a nemo rajistar shiga tun daga shekarar buɗewa, a ɗauki hotonta kafin gara ta gama da ita. Sa'an nan a kowane gari a zaunar da ƴan ajin farko da suka rage tare da sa'o'insu da ba su shiga ba, maza daban, mata daban, a fitar da jerin shekarun garin da sunayensu na gida, a aza lambar shekara a gefen kowane suna. Inda aka yi saɓani a rubuta duka ƙaulin biyu, da sunan unguwar da kowanne ya fito.